Rabon gado da sauran rigingimu: amsa ga sabuwar jami'ar harkokin ɗalibai

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar'uwa da ta roƙi a sakaya sunanta da na jami'ar da take aiki. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Hajiya. Shekara shida ina ofishin rajistara, ba ni da abokin hulɗa sai fayil. Wata huɗu da suka wuce aka mayar da ni sashen kula da harkokin ɗalibai, aka ɗora ni kan ɗakunan kwanan mata. Tun ranar rabona da barci mai daɗi. Masu neman gado sun ninka gadajen, kuma kowace da wanda ya tsaya mata. Har kawuna ya daina amsa gaisuwata saboda 'yar abokinsa. 'Yan Kudu suna cewa ina fifita Hausawa, namu suna cewa na zama bare. Makon jiya an yi faɗa a wani ɗaki kan addu'ar dare, na raba, kowane ɓangare ya tafi yana zagina. Likita ya ce jinina ya fara hawa. In nemi canjin wuri ne, ko akwai yadda ake aikin nan mutum ya tsira da ransa?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Akwai yadda ake yi, tunda ga ni da raina ina ba ki amsa. Na yi shekaru a irin kujerar da kike kai, a wata jami'ar da ba sai na ambata ba, kuma shekarata ta farko ta fi taki muni, don ni na jawo wa kaina. Na ɗauka tausayi shi ne in riƙe 'yan gadaje a aljihu, in wata ta zo tana kuka in zaro ɗaya in ba ta. Kafin zango ya raba, labari ya gama gari cewa matar nan tana da gado in ka iya roƙo. Sai ga mutane a ƙofar gidana bayan sallar asuba, wani da takardar wani babba, wata da kwanon dambu. Wadda na ba ta gode sau ɗaya ta wuce. Cikin waɗanda na hana kuwa, har yau akwai masu kawar da kai in mun haɗu a gidan biki.

Kin kawo ƙara uku: gado, zargin son kai, da hawan jini. Ni a ganina saiwarsu ɗaya. Hukunci yana bakinki ne, ba ya kan takarda. Muddin ke ce ƙa'idar, kowa zai zo ya gwada lanƙwasa ki, wanda ya kasa kuma ya ce addininsa ko yarensa kika ƙi.

To, fara da gadon. Kafin a dawo daga hutu, zauna ki rubuta tsarin rabo a shafi ɗaya, ki kai wa shugaban sashenku, wato Din, ya gyara ya sa hannu, ki manna a allon sanarwa na kowane ɓangare, a kuma sa a shafin makaranta na intanet. Jerin da na ga ya fi rage surutu shi ne a fara da masu buƙata ta musamman da masu ciwon da likitan makaranta ya tabbatar, irin su sikila da asma. Sai sababbin ɗalibai, don yarinyar da ba ta taɓa kwana a wajen gidansu ba ita ce ta fi shiga haɗari in aka bar ta ta nemi haya a unguwa. Sai 'yan shekarar ƙarshe, da ɗaliban likitanci da jinya masu kwana a asibiti, da baƙi daga Nijar ko Kamaru ko Chadi waɗanda ba su da kowa a garin. Abin da ya rage a yi ƙuri'a a gaban wakilan ɗalibai, ko a buɗe shafin rajista a ranar da aka sanar, wadda ta riga ta samu. Jami'arku tana iya samun nata tsarin tuni a littafin dokokin ɗalibai. Sau da yawa yana nan, ƙura ce ta rufe shi. Kakkaɓe shi ya fi ƙirƙiro sabo.

Alfarma fa? Ba zan yaudare ki ba, ba za ta mutu ba. Takarda za ta ci gaba da zuwa daga sama, wata ma daga inda ba a cewa a'a. Abin yi shi ne a yanke mata ƙofa ƙarama a kuma ɗauke makullin daga hannunki: a ware adadi sananne a ƙarƙashin Din, duk wadda ta shiga ta nan a rubuta sunanta da sunan wanda ya nema mata. Za ki yi mamakin yadda masu roƙo suke raguwa da zarar sun ji sunansu zai shiga fayil. Ribarki a nan ita ce ranar da za ki ce "Kawu, wallahi ba a hannuna yake ba," maganar ta zama gaskiya. Ki je ki gaishe shi da kanki, da ɗan goronki, ki nuna masa takardar a waya, ki ce ya turo yarinyar ki taya ta cike fom a kan lokaci, in ba ta samu ba ki haɗa ta da amintaccen gidan haya. Zai yi fushin sati biyu. Zumunci yana iya ɗaukar wannan.

Kuma kada ki karɓi komai. Ko turare, ko katin waya. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ɗalibai sun fi kowa sanin wanda ya ci.

Maganar 'yan raɓe, wato masu kwana a ɗaki ba tare da an ba su gado ba, na bar ta ga hankalinki, amma ga nawa ra'ayin. Ɗakin mutum huɗu da ke kwana da takwas laifin ƙarancin gini ne, ba na yaran ba. Samamen tsakar dare yana jefa yarinya waje ne a lokacin da waje ya fi haɗari. Gara ki san su, ki san adadinsu a kowane ɗaki, ki tsananta kan abin da ke kisa: hita da aka saƙala wa waya tsirara, risho kusa da katifa, ƙofar gudu da aka garƙame da kwaɗo aka manta wanda ke da makullin. Wadda za ki kama da hannu biyu ita ce mai sayar da gadon da ta samu a farashin makaranta ninki uku ko huɗu.

Yanzu zargin son kai, wanda na san shi ya fi ci miki rai. Ki fara da sanin cewa cakuɗuwar nan da gangan aka yi ta. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Ma'ana 'yar Abakaliki da kika gani a layi ba baƙuwa ba ce, haƙƙinta ne ya kawo ta, daidai da 'yar Ƙaura Namoda. Sannan kalmar nan "namu" da kika yi amfani da ita, ki sake dubanta. Yarinyar da ke jin Hausa kamar jakin Kano tana iya zama Bajju daga Zonkwa, ko Tangale daga Billiri, ko 'yar Zuru, kuma ranar Lahadi coci za ta. Mai dogon hijabin can da ba ta jin ko "zo" Bayarabiya ce daga Ilori ko Iwo. Na taɓa yi wa wata faɗa da Hausa na minti biyar a kan rashin zuwa tsaftar ɗaki, tana ta kallona. Ashe Ebira ce daga Okene, ba ta tsinci komai ba sai sunanta. Daga ranar na daina karanta mutum daga suna ko sutura.

Harshe shi ne inda muka fi zamewa ba mu sani ba. Yara biyu sun kawo ƙara, kina sauraronsu da Turanci, sai ki juya ki ce wa ɗaya "ke ma dai kin cika fitina" da Hausa, ku yi 'yar dariya. Ke faɗa kika yi mata. Ɗayar kuwa abin da ta gani shi ne an gama shari'a da yaren da ba ta ji. Idan ana sauraron ƙara, a tsaya kan harshen da kowa a ɗakin yake ji daga farko har ƙarshe. In dole ki yi Hausa, misali uwa ta zo daga ƙauye, ki fassara nan take. Hausarki ki ajiye ta don lallashin wadda ta shigo ita kaɗai tana kuka. A nan tana da amfanin da Turanci ba shi da shi.

Faɗan addu'ar dare da kika raba, na raba irinsa ba adadi, kuma kusan kullum in ka tona sai ka tarar maganar barci ce ta sa rigar addini. Wata ta kunna fitila ƙarfe huɗu za ta yi nafila ko sahur, wata ta tara ƙawaye suna waƙoƙin yabo har sha ɗaya, ta uku tana da jarrabawa ƙarfe takwas. Kada ki yarda a mayar da ke alƙalin wane addini ya fi haƙƙi a ɗaki, don duk hukuncin da kika yanke a kan wannan tambayar kin faɗi. Mayar da maganar kan agogo da ƙara. A makon farko na zango, kowane ɗaki su zauna su rubuta yarjejeniyarsu: ƙarfe nawa ake kashe babbar fitila, mai tashi da dare ta yi amfani da tocila, ibadar taro a kai ta masallaci ko coci ko ɗakin taro, wa'azi ko kiɗa a waya sai da abin kunne, baƙuwa ba ta wuce ƙarfe kaza, ba a taɓa tukunya ko bokitin wata sai da izini. Kowa ta sa hannu, kwafi ɗaya a bayan ƙofa, ɗaya a wurinki. Ran da aka saɓa, zo mu zauna dama zo mu saɓa ne, sai ki ciro takardar ki tambayi layi na nawa aka karya. Wasu za su ba ki shawarar ki raba ɗakuna kawai, Musulmi nan Kirista can. Zai ba ki sauƙin zango ɗaya, sannan ki wayi gari kina da unguwanni biyu a gini ɗaya, kowace tana jin labarin ɗayar daga jita-jita.

Kada ki ga kamar na cika ɗaukar ƙananan abubuwa da zafi. Tarihin makarantunmu ne ya koya mini. Zanga-zangar "Ali Must Go" ta 1978, wadda ɗalibai suka mutu a cikinta a Legas da Zariya, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ne ya kunna ta, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya. Harbin da aka yi wa ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ranar 23 ga Mayun 1986 ya biyo bayan hukuncin da aka yi wa shugabannin ɗalibai, bisa zargin jerin gwanonsu ya ratsa ɗakin kwanan mata na Amina. Rikicin Maris 1987 da ya ci Kaduna da Zariya da Funtuwa, a harabar Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya faro, kan wani wa'azi. A Mayun 2022 kuma, a wata kwalejin ilimi a Sakkwato, saƙon murya a rukunin WhatsApp na aji ya ƙare da kashe ɗaliba. Ofishi irin naki shi ne wurin da ya kamata a fara jin ƙaurin hayaƙi.

Saboda haka ki san shugabannin ɗalibai tun ana zaman lafiya: Amira ta ƙungiyar ɗalibai Musulmi, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, na Katolika daban don sukan ji haushi in an dunƙule su da sauran, 'yan majalisar ɗalibai, da shugabannin ƙungiyoyin jihohi. Ki kira su shan shayi farkon zango ba tare da wani laifi ya faru ba, ki karɓi lambobinsu, su san na juna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma duk ranar da famfo ya kwana biyu ba ruwa, ki ɗauke shi a matsayin maganar tsaro, ki rubuta wa sashen ayyuka, ki bi takardar da ƙafarki, ki kuma fito ki gaya wa yaran gaskiyar abin da ya lalace da ranar da ake sa ran gyara. Ɗalibai suna jure wahala fiye da yadda ake zato. Shirun hukuma ne ba sa jurewa.

Akwai bambancin da ba a cika lissafa shi ba, alhali ya fi na yare ciwo a ɗaki: wata tana dawowa da kaza daga gari, wata garin rogo take jiƙawa sau biyu a yini tana cewa azumi take. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 irin na biyun sun ƙaru. Ki san yadda ake neman rancen karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024, da ranakun tallafin karatu na jihohi, ki manna su a allo, ki kuma taya masu jin nauyin tambaya. Haka masu lalura: dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya wuce, matakala kuma tana nan inda take. Kafin a gyara, abin da ke hannunki shi ne ɗakin ƙasa kusa da banɗaki ga mai keken guragu, da barin makauniya a ɗaki ɗaya shekara da shekara don ƙafarta ta riga ta haddace hanya.

Wa zai gaya miki wadda ke cikin matsala? Masu gadin ƙofa da masu shara. Su suka san wadda ta kwana uku ba ta fito ba, da wadda mota ke saukewa ƙarfe biyun dare, da kwalaben maganin tari da ake tsinta a bayan taga duk da haramcin da aka yi wa kodin a 2018. Ki girmama su, ki san sunayen 'ya'yansu. Amma ki tuna ke ba likita ba ce. Yarinyar da ta daina wanka da cin abinci, ko take magana ita kaɗai, ko ta ce ta gaji da rayuwa, ba nasiha take buƙata daga gare ki ba. Kada a bar ta ita kaɗai, a raka ta asibitin makaranta a ranar, a sanar da mai ba da shawara da iyayenta. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan a Barnawa da Kware da Maiduguri da Dawanau. Idan iyaye suka ce aljanu ne za su kai ta ruƙiyya, kada ki yi gardamar aƙida da su. Ce musu a haɗa biyun, addu'a ba ta hana ganin likita. In kuma ƙarar malami aka kawo miki kan neman lalata, rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, da rana da lokaci, ki miƙa ga kwamitin da ke da alhakin. "A rufa asiri" a nan asirin mai laifi ake rufawa.

Saura ke. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin gajiyar nan ta aiki, wadda barcin Asabar ba ya warkarwa, cikin kundinta, da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fara ƙyamar aikin da mutanensa, sannan aikin kansa ya daina fita da kyau. Ta biyun ita ce abin tsoro a wurinmu. Ranar da yarinya ta shigo da hawaye kika ji a ranki "ga wata kuma," to jiki ya yi magana.

Sayi layi na biyu da 'yar ƙaramar waya, ya zama lambar ofis, ita za a manna a allo. Ku tsara jadawalin kwana da abokan aikinki, wayar tana hannun mai aikin dare, ita za ta tantance abin da ya kai a tashe ki: gobara, rashin lafiya mai tsanani, faɗa da makami, ɓatan ɗaliba. Makullin da ya ɓace zai kai safe. Lambarki ta gida kuwa ta riga ta yaɗu, na sani. Ki daina amsa baƙuwar lamba bayan isha, cikin wata guda za su koya. Kada ki mayar da albashinki asusun agaji. Na yi, ya kai ni ga cin bashi ranar ashirin ga wata. Ki ware abin da za ki iya bayarwa sadaka a wata, in ya ƙare ya ƙare, sauran ki nema musu ta asusun jin ƙai na makaranta ko na masallaci da coci.

Hawan jinin kuma kada ki yi masa wasa. Sayi na'urar awo ta gida, ki riƙa aunawa kina zaune a natse, kina rubutawa, ki kai wa likita littafin. In ya ɗora ki kan magani, ba a dainawa don an ji sauƙi. Ki ci abinci kafin sha biyu ko da layi ya kai bakin titi, ki rage gishiri da dunƙulen miya, ki zaga ɗakunan da ƙafa da la'asar, kin yi motsa jiki kin kuma ga abin da ba a kawowa ofis. Hutun shekara ki cike fom ɗinsa tun yanzu, ki saka shi bayan an gama rabon gado, ki kuma tafi da gaske. Sannan ki sami mutum ɗaya a cikin aikin, wata tsohuwar hannu, wadda za ki iya zama da ita ki fitar da abin da ke ranki ba tare da ambaton sunan yara ba. Maigida da yara ba za su iya ɗaukar labarin hostal kowane dare ba, kuma bai kamata su ɗauka ba.

Kowane abu mai nauyi ki rubuta shi: kin sanar da wane, ranar kaza, ya ce kaza. Littafi mai bango mai kauri ya isa. Ranar da kwamitin bincike ya zauna, ba wanda zai tuna kirkinki, takarda za a tambaya.

Game da neman canjin wuri, ban ce kada ki nema ba, amma ba yanzu ba. Wata huɗu kika yi, kuma a mafi munin lokacin shekara kika shigo. Ki ga shekarar karatu guda ta zagayo, da rabon gado ɗaya da aka yi bisa takardar da Din ya sa wa hannu. In ya ƙi sa hannu, ko ya sa amma yana turo miki mutane ta bayan gida ya bar ki da zagin, ko likita ya ce awon ba ya sauka duk da magani, to rubuta takardar neman canji ba tare da jin kunya ba, ki haɗa da ta likitan. Kafin nan, ranar Litinin ki je da mai gyaran famfo ku zaga banɗakunan bene na sama ɗaya bayan ɗaya, ki kuma nemo wanda ke riƙe da makullin ƙofar gudu.